Gemu, Aska da Sadaka a Ƙasar Magarya

Duk shekara, idan watan Nuwamba na Turawa ya kama, daidai lokacin da manoman bakin Gulbin Rima suke girbin dawa suna shirin sa hannu ga noman rani, akan ji labari a rediyo cewa waɗansu mazaje a Turai da Amurka da Ostareliya sun ajiye reza, sun ƙudura niyyar barin gashin fuskarsu har watan ya ƙare, domin su tara kuɗin taimakon masu fama da cututtukan da suka keɓanta ga maza. Dattijon Wurno ko na Raba ko na Goronyo, wanda tun ranar da gemu ya tsiro masa bai taɓa tunanin raba shi da haɓarsa ba, in ya ji wannan labari, mamaki ne zai fara kama shi, yana cewa yaya abin da kowa yake da shi a masallaci da kasuwa zai zama abin da ake tara wa mutum kuɗi don ya yi shi kwana talatin? Amma wanda ya natsu ya bi diddigin al'amarin zai tarar cewa abubuwa ukun nan da Turawa suka haɗa ba da daɗewa ba, watau gashi da lafiyar jiki da sadaka, sun daɗe a haɗe a wannan ƙasa, sai dai tsarinmu dabam ne da nasu, kuma mutumin da suke haɗuwa a hannunsa tun kaka da kakanni shi ne wanzami.

Ƙasar Magarya, wadda take gabas da Sakkwato tsakanin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ƙasa ce ta ribaɗi. Bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, sa'ad da jagorancin jama'a ya koma hannun ɗansa Muhammadu Bello, Gobirawa da Azbinawa ba su bar kai hari daga arewa ba, har Sarkin Musulmi ya ga cewa yaƙin fita a komo ba zai wadatar ba, sai an kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, an zaunar da jama'a cikinsu suna noma suna karatu suna tsaro. Magarya tana cikin waɗannan garuruwa, kuma a can Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya zauna tare da Bello a ƙarshen 1826. Daga baya, wajen 1830, Bello ya gina Wurno kusa da ita, ya mai da ita mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake har yau. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama, har ma Bajamushen nan Barth ya sauka garin a zamaninsa, a 1853. Raba kuwa ita ce ta ba da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Ribaɗi a wurin Bello ya wuce sansanin mayaƙa. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya yi wa mai mulki wasiyya da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya rarraba su a garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukata, gama jama'a ba ta zaunuwa sai da su. Garin da ake haihuwa cikinsa, ana raɗa suna, ana shayi, ana dawowa daga daga da raunin kibiya, ana kuma shirin masallaci kowace Jumma'a, ba shi yiwuwa ya kwana biyu ba mai aska. Abin lura ne kuma cewa da Clapperton ya fara ganawa da Bello a Sakkwato cikin watan Maris na 1824, cikin abin da ya rubuta na siffarsa har da gemunsa, ya ce gajere ne, baƙi, mai nannaɗewa, kuma amawalin farin rawaninsa ya rufe masa hanci da baki. Wannan siffa ta gemu gyararre a ƙarƙashin amawali ita ce siffar malami da basarake a wannan ƙasa har zuwa yau, kuma ba daga son kwalliya kaɗai ta fito ba, daga littafi ta fito.

Duk almajirin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai ga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya ci karo da babin fiɗira, watau ɗabi'un tsabta waɗanda aka halicci ɗan Adam a kansu. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa su goma, a cikinsu akwai rage gashin baki, da barin gemu, da asuwaki, da shaƙa ruwa, da yanke farce, da cire gashin hammata da na mara, da tsarki da ruwa. Wani hadisin na Anas kuma ya iyakance cewa kada a wuce kwana 40 ba a rage gashin baki ba, ba a yanke farce ba. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce ake bi a nan, ya tafi a kan cewa a rage gefen gashin baki har bakin leɓe ya bayyana, amma ya ƙi a aske shi ƙwal, ya kuma ga babu laifi a rage tsawon gemu idan ya yi yawa ƙwarai, alhali malaman mazhabar sun hana a aske shi baki ɗaya. Sa'an nan ga hukuncin alwala, inda ya wajaba ruwa ya kai ga fata idan gemun mai sauƙi ne, a wanke bayansa idan mai kauri ne, ga kuma wankan janaba inda ba makawa sai an tsettsefe shi. A cikin Muwaɗɗa ma an ruwaito cewa wani mutum ya shigo masallaci kansa da gemunsa a birkice, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa ishara ya fita ya gyara. Saboda haka gemun da shari'a ta sani shi ne wanda ruwa ke ratsawa sau da yawa a yini, ana taje shi, ana shafa masa mai da turare. Wanda ya bar ƙasumba ta cukurkuɗe da ƙura da ragowar fura, ya ce sunna yake bi, ya riƙi rabin hukunci ya saki rabi.

To, ina gashi ya haɗu da sadaka? A wurare uku, kuma duka ukun sanannu ne ga malaman zaure.

Na farko shi ne ranar suna. Idan jariri ya kwana bakwai, aka yanka ragon suna, aka kira wanzami ya yi masa askin farko, mustahabbi ne a auna gashin da aka aske, a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa, kamar yadda aka ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima ta auna gashin 'ya'yanta ta bayar da nauyinsa na azurfa. Gashin jariri ba wani nauyi gare shi ba, kuma a nan hikimar take, domin an sauƙaƙa abin yadda talaka ma zai iya, aka sa rayuwar ɗan Musulmi ta fara da bayarwa tun bai san hannunsa na dama ba.

Na biyu shi ne ƙissar sahabi Ka'abu ɗan Ujrata a shekarar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, wanda ƙwarƙwata ta addabe shi yana cikin harami, har tana zubo masa a fuska. Mai harami ba ya aski, amma da yake cuta ta shigo, sai aka yi masa izini ya aske kansa, ya yi fidiya da azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya. A wannan mas'ala guda an ga shari'a ta gabatar da lafiyar jiki a kan barin gashi, ta kuma mai da sauƙin da mutum ya samu ya zama abincin mabukata.

Na uku, wanda ya fi kama da abin da Turawa suke yi, shi ne goman farko na watan Zulhajji. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa wanda ya yi niyyar layya, idan watan ya tsaya, ya kame daga taɓa gashinsa da farcensa har ya yanka dabbarsa, malaman Malikiyya kuma suka ɗauki wannan a matsayin mustahabbi. Ga mutum ya ajiye aska na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, da niyya, tare da sauran jama'a, ƙarshen abin kuma nama ya shiga gidan maƙwabci da maraya da gwauruwa. Bambancin kawai shi ne mai layya yana yi don neman kusanci ga Ubangijinsa, ba don a gan shi a tambaye shi ba.

Wanda hannunsa yake kan kan jariri ranar suna, yake kuma kan haɓar uban kowace safiyar Jumma'a, shi ne wanzami. Sana'a ce ta gado, ɗa yana ɗaukar wa ubansa zabira tun yana ƙarami, yana kallon yadda ake wasa aska a dutse a goga ta a fata, kafin a yarda ya taɓa kan yaro, balle fuskar dattijo. A cikin zabirar akwai asake iri-iri, ta aski dabam, ta tsaga dabam, ta kaciya dabam, ga ƙahoni, ga 'yar ƙugiyar cire beli, ga ƙulle-ƙullen garin magani na tsai da jini. Aikinsa ya haɗa da aski da gyaran fuska, da ƙaho ga wanda jini ya yi wa yawa ko jiki ya yi wa nauyi, da sakiya ga kumburin da ya tara ruwa, da shayin yara a lokacin sanyi, da tsagar gado wadda ake gane asalin mutum da ita. Masu sana'ar suna da shugabansu, Sarkin Aska, wanda sarkin gari ke naɗawa, shi ke raba gardama tsakaninsu, shi ake nema idan aiki ya gagari ƙaramin wanzami. Kowane gida yana da wanzaminsa, kamar yadda yake da limamin da ke raɗa wa 'ya'yansa suna, kuma ladansa a da ba na ciniki ba ne irin na kasuwa: ranar suna yana da rabonsa na kuɗi da hatsi da nama, da kaka kuma ba a mance shi. Malamai ba su ga aibin wannan lada ba, tun da ya tabbata cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi ƙaho, aka ba shi sa'i na abinci.

Abin da ya fi dukan waɗannan muhimmanci ga maganarmu shi ne amana. Wanzami ne kaɗai talakan da yake kama kan basarake ya juya shi yadda ya so, ya ɗora masa kaifi a maƙogwaro, basaraken kuwa ya lumshe ido. Wanda aka amince wa da wuya, ba wuya a amince masa da magana, saboda haka a kan tabarmarsa ne namiji yake faɗin abin da ba ya faɗa wa matarsa ko ɗansa, na ciwon baya, da raunin jiki, da abin da ya shafi mara. Shi ya san wanda ya rame tsakanin Jumma'a da Jumma'a, shi ya san wanda idonsa ya yi ɗorawa.

Sarkin Musulmi Bello kansa bai ɗauki ilmin jiki ƙaramin abu ba. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, shi kuwa Bello ya bar littattafai da dama a fannin ɗibbu, kamar Ujalatur Rakib, da Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da Alƙaulul Mansur a kan basir, da wani a kan tsutsar ciki, da wani a kan amfanin filasko. Ya kuma nemi Sarkin Ingila, ta hannun Clapperton, ya aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. A duba wannan da kyau: Amirul Muminina, mai tutocin da suka kai Adamawa da Nufe, malamin da ake kawo wa fatawa daga nesa, ya zauna ya ɗauki alƙalami ya yi bayanin basir da tsutsar ciki dalla-dalla, bai ga cewa girmansa ya hana shi ambaton cutar da mutane ke jin nauyin ambata ba, bai kuma ga cewa neman ilmin magani wurin wanda ba Musulmi ba ya rage masa wani abu. Wannan shi ne gadon Wurno da ya fi cancanta a riƙe a wannan babi.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, fuskar namiji ta shiga wani sabon hali. Soja da ɗan sanda doka ta sa su aske haɓa, ɗan makarantar boko da ma'aikacin ofis suka ga shugabanninsu ba gemu suka bi sahu, reza kuma ta shigo kanti da araha, yadda mutum zai iya gyara fuskarsa a ɗaki ba sai ya jira wanzami ba. Su kansu Turawan ba a kan ra'ayi guda suka tsaya ba. Wajen 1850 likitocin Ingila suna yabon ƙasumba, suna cewa tana tace ƙura da hayaƙi tana kare maƙogwaro, har aka wajabta wa sojan Ingila barin gashin baki daga 1860 zuwa 1916. Da ilmin ƙwayoyin cuta ya bayyana sai magana ta juya, aka koma zargin gemu da cewa maɓoyar cuta ne. A Yaƙin Duniya na Farko kuma, da aka fara yaƙi da iska mai guba, sai da soja ya aske fuska kafin abin rufe hanci ya kama shi sosai, Amurka ta raba wa sojojinta rezar Gillette a 1918, suka koma gida da al'adar aski kullum. Abin da ya iso mana a matsayin wayewa, ashe, rabinsa larurar yaƙi ce da cinikin kamfani. Daga baya, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yawaitar wa'azin raya sunna, dogon gemu ya dawo fuskar samari, a daidai lokacin da shagunan aski masu kilifa suke karɓe wa wanzami kawunan matasa, suka bar masa dattawa da jarirai.

Yanzu sai a tambaya, mene ne likitocin zamani suka tabbatar na fa'idar gemu ga lafiya? Abin da ya fi ƙarfi, ya kuma fi shafar baƙar fata, shi ne maganar ƙurajen aski. Gashinmu mai nannaɗewa ne, idan aka aske shi har saiwa sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, wurin ya kumbura ya yi ƙuraje, wani lokaci ya bar baƙin tabo ko tudun nama. Babban maganin wannan shi ne a daina aski ƙwal a bar gashin ya fito, shi ya sa shekaru da yawa rundunar sojan Amurka ta riƙa ba sojojinta masu wannan larura, galibinsu baƙaƙe, takardar likita ta izinin barin ɗan gemu. Na biyu, masu bincike a wata jami'a ta jihar Kwinsland a Ostareliya sun buga sakamako a 2012 cewa gashin fuska yana rage zafin hasken rana mai ƙona fata, da ma'aunin kariya daga 2 zuwa 21 gwargwadon tsawon gashin da tsayuwar rana, wanda yake taimako ne ga manomi da masunci, ko da yake bai kai malfa ba. Na uku, a birnin Boston an gwada fuskokin ma'aikatan asibiti maza 408, aka buga sakamakon a 2014, aka tarar masu gemu ba su fi marasa gemu ɗaukar ƙwayoyin cuta ba, bal ma ƙwayar nan mai haddasa maruru da ruɓar rauni ta fi yawa a fuskar masu askewa, masu binciken suka kyautata zaton cewa ƙananan yankan da reza ke bari su ne mafakarta.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen. Gemun da ba a wankewa yana tara amosani da ƙwarƙwata da ƙazanta. Takunkumin da ma'aikatan asibiti ke sawa don kare numfashi ba ya manne wa fuska mai ƙasumba, abin da ya zama mas'ala ga likitoci masu gemu a lokacin annobar korona a 2020. Maganar tace ƙura kuwa ba ta da hujja mai ƙarfi, wanda hunturu ke tayar wa asma kada ya dogara da gashin bakinsa. Haka nan zabirar wanzami, duk da darajarta, tana da abin gyara: aska guda da ta taɓa jinin wani ta koma kan wani ba a dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, kilifar shago ma haka, cire belin jarirai kuma likitoci sun tabbatar ba shi da amfani, sai haɗarin zubar jini da shigar cuta. A taƙaice fa'idar gemu ga jiki gaskiya ce, amma 'yar kaɗan ce, kuma tsabta ce sharaɗinta. Gemu bai taɓa warkar da sankara ba.

Su ma masu al'adar Nuwamba ba su ce yana warkarwa ba. Abin ya faro ne a birnin Melbon na Ostareliya a 2003, inda abokai biyu, Travis Garone da Luke Slattery, suka shawo kan mutum 30 su bar gashin baki wata guda, da farko don raha. A 2004 suka mai da shi hanyar tara kuɗi da sunan Movember, mutum 450 suka shiga, suka tara dalar Ostareliya 54,000 suka ba gidauniyar yaƙi da sankarar furostet ta ƙasarsu, daga nan abin ya bazu ƙasashe da yawa, ya haɗa da sankarar maraina da ciwon damuwa mai kai maza ga halaka kansu. Ƙa'idarsu ita ce a aske fuska tas ranar 1 ga wata, a bar gashin baki kaɗai ya yi ta tsawo, watau kishiyar abin da Risala ta koyar. A Amurka kuma, 'ya'yan wani mutumin Shikago da sankarar hanji ta kashe a 2007 suka tsara nasu a 2009, inda ake barin gemu da komai, a bayar da kuɗin da da za a kashe wajen aski. Dabarar duka ɗaya ce: a ƙasar da galibin maza ke aske fuska, wanda ya bar gashi sai an tambaye shi dalili, tambayar kuma ita ke buɗe maganar cutar da maza ke ɓoyewa. Gashin talla ne kawai, maganar ita ce magani.

A nan ne ya kamata mutumin Magarya ya tsaya ya yi tunani, gama Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sankarar furostet, watau ƙullutun nan da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji ya kewaye hanyar fitsari, ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, ta kuma fi tsananta ga baƙar fata, kuma galibin masu ita ba sa isa asibiti sai ta riga ta bazu zuwa ƙashi. Dattijo yakan shekara yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, yana yunƙuri kafin ya fito, yana ganin raguwar ƙarfinsa, ya yi shiru don kunya, ya ce tsufa ne, sai ranar da fitsarin ya tsaya cak a ɗauke shi ranga-ranga zuwa Sakkwato. Sau da yawa kumburi ne kawai na shekaru wanda magani ko aiki ke sauƙaƙawa, amma ba mai rarrabe wannan da wancan sai likita, ta hanyar dubawa da gwajin jini. Ban da wannan, ƙasar fadama tana da tata cutar ta musamman, watau tsargiya, wadda tsutsarta ke rayuwa cikin katantanwar ruwa mai kwanciya, irin na tafkuna da magudanan noman rani na Wurno da bakin madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. Yaro yana fitsarin jini a ɗauka alamar girma ce, alhali ƙwayar magani ta furazikwantal tana kashe tsutsar, in kuwa aka bar ta shekara da shekaru tana iya zama sanadin sankarar mafitsara. Ruwan da ya ba ƙasar shinkafa da albasa da tafarnuwa shi ne ya zo da wannan jarrabawa, kuma shiru ne yake ciyar da ita.

Barin gemu wata guda ba zai buɗe bakin kowa a Wurno ba, domin ba wanda zai tambayi mai gemu dalilin gemunsa. Amma abin da Turawa suke nema da gashin bakinsu, watau wurin da namiji zai yi maganar jikinsa ba kunya, mu muna da shi tun zamanin ribaɗi, kuma an riga an gwada shi an ga amfaninsa. A nan Jihar Sakkwato an horas da wanzamai su riƙa ba iyayen jarirai katin zuwa rigakafi idan sun je gidan haihuwa, binciken da aka buga a 2020 kuma ya nuna cewa waɗanda suka karɓi katin daga hannun wanzami sun fi kai 'ya'yansu. A birnin Los Anjalis ma, a wani gwaji da aka yi a shagunan aski 52 aka buga a 2018, an haɗa masu aski na wasu daga cikin shagunan da masana magunguna domin baƙaƙen maza masu hawan jini, cikin wata shida ma'aunin jininsu na sama ya sauka da kimanin 27, alhali na waɗanda aka yi wa nasiha kawai ya sauka da kimanin 9. Mutum yana jin maganar wanda ya saba miƙa wa wuyansa.

Saboda haka shawarar da tarihin nan yake bayarwa a fili take. Hakimai da Sarakunan Aska na Wurno da Raba da Goronyo, tare da ma'aikatan lafiya, suna iya koya wa kowane wanzami da kowane mai shagon aski abubuwa kaɗan: ya dafa askarsa ko ya sa sabuwar reza ga kowane kai, ya bar belin jarirai, ya san alamomin da in dattijon da ya haura 50 ya ambata zai ce masa, "Baba, wannan ba na ƙaho ba ne, na asibiti ne," ya kuma san cewa jini a fitsarin yaro cuta ce mai magani. Limamai suna iya ɗaukar goman farko na Zulhajji, lokacin da masu layya suka ajiye aska, su yi wa maza huɗuba a kan waɗannan cututtuka da sunayensu, yadda Bello ya ambaci basir da sunansa, a kuma roƙi kowa ya kawo ladan askin da bai yi ba, da abin da ya sawwaƙa a kai, a zuba a asusun masallaci domin kuɗin mota da na gwaji ga wanda ba shi da hali zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ya fi ƙarfin asusun kuma a miƙa shi ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Kula da marar lafiyan da ba shi da mai kula da shi farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta sauka daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki zunubi. Kuma ba a bukatar aron al'adar kowa kafin a sauke ta. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu dace.